YAU DA GOBE KA SA ALLURA GININ RIJIYA: LABARIN YOGA TA ƘASAR INDIYA

A cikin shekarar 1918, lokacin da annobar mura ta game duniya, aka haifi wani yaro a ƙauyen Bellur, can kudancin ƙasar Indiya. Sunansa B. K. S. Iyengar. Ubansa malamin makaranta ne matalauci, ya kuwa rasu yaron bai kai shekara 10 ba. Yaron nan ya tashi cikin jinya, daga zazzaɓin cizon sauro sai zazzaɓin hanji, sai kuma tarin fuka, har ya rame ya zama abin tausayi. Amma fa bai bar duniya ba sai a 2014, yana da shekara 95, kuma har ya haura 90 bai daina motsa jikinsa kullum ba.

Abin da ya juya al'amarinsa shi ne yoga. A 1934 mijin yayarsa, wani shahararren malami mai suna Krishnamacharya, ya kira shi birnin Maisur ya fara koya masa. A 1937 aka tura shi birnin Puna ya koyar da waɗansu. A can ya duƙufa, yana maimaita darasi ɗaya sa'o'i da yawa kowace rana, har ƙarfi ya komo masa. A 1952 ya sadu da Yehudi Menuhin, mashahurin mai gogen Turawa, wanda ya zama almajirinsa, ya kuma buɗe masa ƙofar Turai.

To, mece ce yoga? Hanya ce ta horon jiki da zuciya wadda mutanen Indiya suka gada tun zamanin da. Wani masani da a ke kira Patanjali ya tattara ƙa'idodinta cikin gajerun jimloli wajen 196, ya kasa ta rukuni 8. Na farko da na biyu tarbiyya ce: barin cuta, da ƙarya, da sata, da kwaɗayi, sa'an nan riƙon tsabta da wadar zuci. Na uku shi ne daidaita zaman jiki, na huɗu sarrafa numfashi. Sauran huɗun duka na tattara hankali wuri ɗaya ne. Ashe ke nan lanƙwasa jikin da a ke gani a hotuna kashi ɗaya ne tak cikin 8. Malaman Musulunci ma sun san littafin nan, domin Albiruni ya fassara shi da Larabci tun ƙarni na 11.

Patanjali ya ƙarfafa cewa horon ba ya kafuwa sai an daɗe ana yinsa, ba yankewa, kuma da zuciya ɗaya. Dalilin a fili ya ke. Jijiyar da aka miƙe yau, in aka bar ta mako biyu, sai ta koma yadda ta ke. Numfashi a hankali, musamman in an ja fitarsa, yana rage bugun zuciya ya kwantar da fargaba, amma wanda bai saba da shi cikin natsuwa ba, ina zai tuna da shi ranar fushi? Saboda haka minti 15 kowace safiya ya fi sa'a 3 ranar Lahadi kaɗai. Iyengar ya lura da cewa tsofaffi da marasa lafiya su kan karaya su bari, sai ya shigo da igiya, da guntun katako, da bargo, don kowa ya jingina ya yi gwargwadon ikonsa.

Likitoci sun auna abin. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga magani. Duk da haka ba ta maye gurbin asibiti, kuma mai hawan jini ko ciwon ido ya guji tsayuwa bisa ka. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa a 2014 ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga.

Akwai wurin da ya wajaba a yi hattara. Asalin yoga a haɗe ya ke da addinin Hindu, a waɗansu makarantunta kuma ana rera kalmomin bautarsu. Shi ya sa a 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana Musulmi irin wadda ta ƙunshi wannan, ta bar wadda ta tsaya ga motsa jiki. Wannan rarrabewa ta isa jagora: a ɗauki na lafiya, a bar musu na ibada.

Ya ku malamai da akawuna, mu da mu ke yini bisa kujera muna duƙe kan fayil ko littattafan yara, sau nawa mu kan ɗauki niyyar gyara sa'an nan mu watsar kafin wata ya ƙare? Yaron Bellur ya fara da jiki mafi rauni da na kowa a cikinmu, ya yi shekara 80 yana abu ɗaya. Kowa ya yanka wa kansa ɗan lokaci bayan asuba, ya miƙe gaɓoɓinsa, ya daidaita numfashinsa, gobe ma ya sake. Allah ya ba mu lafiya da juriya, amin.