Gadon Asibiti Ya Fi Turu: Jinyar Matasa Masu Taɓin Hankali

Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. A garuruwan wannan yanki, irin su Illo da Lolo da Tsamiya, idan matashi ya daina barci, ya shiga sambatu, ko ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su, akan ce iska ce ta taɓa shi. Wani sai a sa shi a turu, domin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke wannan shiyya yana can Kware, kusa da Sakkwato, tafiya mai nisa da tsada.

Alhali kuwa ciwo ne mai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Ba kowa ake kwantarwa ba. Likita kan ba da gado ne idan yaro ya yi yunƙurin halaka kansa, ko ya ƙi ci da sha, ko ƙwaya irin tiramol ta gusar masa da hankali. Da farko sai an bincika jikinsa, saboda sanƙarau da farfaɗiya da zazzaɓin da ya hau kai duk sukan kawo ruɗewa. Daga nan sai magani da tattaunawa, tare da koya wa iyaye yadda za su kula da shi bayan sallama.

Sa hannun dangi cikin jinya ba sabon abu ba ne. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyatan asibitin Aro na Abeokuta a ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. A tsallaken iyaka kuma, Grégoire Ahongbonon ya buɗe cibiyoyi a Benin, har da ta Djougou, inda ake kwance masu ciwo daga sarƙa a yi musu magani. A 2023 Nijeriya ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da sabuwa mai kare mutuncin majinyaci.

Sau da yawa malami ne ke fara lura da ɗalibin da ya ƙaurace wa abokai ko karatunsa ya lalace. Idan ya sanar da iyaye da wuri, aka garzaya asibiti mafi kusa, wataƙila ba sai an kai ga kwanciya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.