NA'URAR ƘARA ZANGON WI-FI: A AUNA KAFIN A AIKA DA ITA MINNA

Daga cikin tsarabar da 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suke aikawa gida a 'yan shekarun nan, akwai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda akan soka a soket ɗin bango. 'Yan kasuwar Alaba da na Computer Village a Ikeja suna ce masa ekstenda ko rifita, watau na'urar ƙara zangon Wi-Fi. Mai saye yakan saya ne domin in ya kira gida ta bidiyo ya ga mahaifiyarsa a ɗakinta, ba sai an taso tsohuwa zuwa zaure ba. Amma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, akwatin yakan isa Minna lafiya, a jona shi, hoto kuwa ya ci gaba da daskarewa, magana tana yankewa.

Minna gari ne na ma'aikata da 'yan makaranta. Tun da ya zama babban birnin Jihar Neja a shekarar 1976 ofisoshi suke ta ƙaruwa, sa'an nan aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, wadda take da mazauni a Bosso da Gidan Kwano. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, sannu a hankali intanet ta shiga gidaje. Yau gidaje da ofisoshi da yawa a Tunga da Bosso da Chanchaga suna da rauta mai ɗaukar layin waya, waɗansu kuma sun kafa faifan Starlink, wanda ya fara aiki a ƙasar nan a 2023. Rautar ita ce take karɓo intanet daga waje, ta watsa ta cikin gida ta iska.

INDA SABIS YAKE MUTUWA

Matsalar ita ce abin da rauta take watsawa igiyar rediyo ce maras ƙarfi, ginin Minna kuwa na bulo ne da siminti. Kowane bango yana rage mata ƙarfi. Dakin da aka zuba da rodi, da ƙofar ƙarfe, da rufin kwano, da tankin ruwa, duk sun fi bulo tare ta. Gida irin namu mai zaure da tsakar gida da sassa uku ko huɗu, kafin sabis ya kai ɗakin ƙurya ya riga ya galabaita.

Aikin ekstenda shi ne ta saurari abin da rauta ta faɗa, ta maimaita shi gaba. Ba ta ƙirƙiro ko ɗigon intanet daga cikinta. In an ƙara wa tiyo tsawo ruwa zai kai bayan gida, amma abin da famfo yake bayarwa ba zai ƙaru ba. Saboda haka idan tun asali sabis ɗin kamfanin waya ba shi da ƙarfi a unguwar, ko an jera ekstenda goma a gidan babu abin da zai sake.

Daɗin daɗawa, masu araha daga cikinsu rediyo ɗaya gare su. Da shi suke saurare, da shi kuma suke maimaitawa, ba sa iya yin biyun a lokaci guda. Kamar zance ne ta bakin tafinta: sai mai magana ya yi shiru tafinta yake buɗe baki, don haka hirar awa ɗaya takan ci awa biyu. Wannan shi ya sa saurin da ya bi ta cikin irin wannan na'ura yakan ragu da kamar rabi. A misali, in an ajiye ta inda take samun megabit 40 daga rauta, za ta miƙa wajen 20, wanda ya wadatar da kiran bidiyo. In kuwa an kai ta can ɗakin ƙurya inda 4 kaɗai take samu, 2 za ta miƙa, ko da yake waya za ta nuna sandunan sabis a cike. Waɗannan sanduna su suke yaudarar mutane, domin ƙarfin da ke tsakanin waya da ekstenda suke nunawa, ba na tsakanin ekstenda da rauta ba.

A OFISOSHI DA SHAGUNA

A ofis abin ya fi tsanani. Duk kwamfutocin da suka hau ekstenda ta ƙofa ɗaya suke bi zuwa rauta, kuma maimaicin da take yi yana cinye lokacin da waɗanda suke kusa da rauta za su yi amfani da shi. Watau a garin taimakon ɗakin akawu sai a rage wa ofis duka sauri. Har wa yau, a zangon gigahaz 2.4, wanda ya fi ratsa bango, tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, watau 1 da 6 da 11. A wurin da shaguna suke manne da juna, kamar Kasuwar Kure, ko a gidajen hayar ɗalibai a Gidan Kwano, in kowa ya kafa tasa sai su dinga danne juna. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, sai dai ba ya zuwa nesa.

Ga kuma maganar wuta. Jihar Neja ce take da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mutumin Minna ya san ɗauke wuta kamar kowa. Rauta da yawa suna da batir ko an haɗa su da sola, ekstenda kuwa a bango take ci. Da zarar an ɗauke wuta, ɗakin ƙurya ya koma gidan jiya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

To, kafin mutum ya zare kuɗi a Alaba, ya sa wani yaro a gida ya tsaya dab da rauta ya kira shi ta bidiyo. In kiran bai yi kyau a nan ba, laifin ba na bango ba ne. Sai a gwada layin wani kamfani, ko a matsar da rauta kusa da taga. In ya yi kyau, a fara fitar da rauta daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta a sama wajen tsakiyar gida, inda rana da ruwa ba za su taɓa ta ba. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa, ba a kashe ko kwabo ba.

In har sai an sayi ekstenda, a nemi mai zango biyu, a ajiye ta a tsakiyar hanya, inda sabis ɗin rauta yake da sauran ƙarfinsa. Kada a jona wata a kan wata, domin kowace za ta sake rage saurin. A sa mata kalmar sirri, don sabis ɗin da ya kai ɗakin ƙurya yana iya tsallaka katanga, data ta wata guda ta ƙare tun kafin wata ya raba.

Ga ofis da babban gida kuwa, abin da ya fi inganci shi ne a ja wayar intanet daga rauta zuwa ɗaya sashen, a jona wata na'urar watsawa a can. Wannan waya tana kai mita 100 ba tare da sauri ya ragu ba, kuma ekstenda da yawa suna da kafar da za a soka ta, su bar aikin tafinta su koma watsawa kai tsaye. Akwai kuma tsarin da ake kira mesh, mai akwatuna biyu ko uku da suke aiki tare, amma kuɗinsa ya fi yawa.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da aka tara da zufa a Mile 12 ko Sabon Badun bai kamata ya tafi a akwatin da zai zauna a bango yana ƙyalli ba. Kira ɗaya na gwaji a gindin rauta shi zai nuna ko ekstenda za a aika, ko waya, ko kuwa kuɗin sabon layi.