Bekoji: Garin Da Ake Sammakon Gudu Kamar Sammakon Gona

A ƙasar Habasha akwai wani ƙaramin gari mai suna Bekoji. Yana cikin yankin Arsi, kudu da Addis Ababa, babban birnin ƙasar. Yawancin mutanen garin manoma ne da makiyaya. Suna noma alkama da sha'ir da wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca, wanda suke kira tef. Amma abin da ya fitar da sunan garin a duniya shi ne gudu mai dogon zango.

MENE NE GUDUN DOGON ZANGO?

Gudu iri biyu ne. Akwai gajere, wanda ake gamawa cikin ɗan lokaci kaɗan. Akwai kuma dogo, na kilomita 5 ko 10 ko fiye. Mafi shahara a cikin dogayen shi ne wanda ake kira maraton. Tsawonsa kilomita 42 ne da 'yan kai, wato mil 26, kusan nisan Kano zuwa Wudil. Gwanaye sukan gama shi cikin awa biyu da 'yan mintoci.

Irin wannan gudu yana buƙatar juriya da haƙuri. Wanda ya tashi da ƙarfinsa duka tun farko, shi ne yakan fara zubewa a hanya.

YADDA ABIN YA FARA

A shekarar 1960 aka yi gasar wasannin duniya ta Olamfik a birnin Rum na ƙasar Italiya. Wani soja ɗan Habasha mai suna Abebe Bikila ya shiga maraton ba takalmi a ƙafarsa, ya kuma zo na ɗaya. A 1964 ya sake cin wannan gasa a Tokiyo ta ƙasar Japan, makonni kaɗan bayan an yi masa aiki a ciki. Shi ɗan makiyayi ne. Wannan ya sa yaran ƙauye a Habasha suka ga cewa su ma suna iyawa.

A Bekoji kuwa, wani malamin makaranta mai koyar da motsa jiki, Sentayehu Eshetu, shi ne ya riƙa tara yara yana horar da su shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin ɗalibansa, Derartu Tulu, ta taso tana kiwon shanun gidansu. A 1992 ta ci gudun mita 10,000 a gasar Olamfik ta Basalona. Ita ce baƙar fata mace ta farko daga Afirka da ta ci lambar zinariya a wannan gasa. Ta sake ci a shekarar 2000.

Bayanta wasu suka biyo. Fatuma Roba ta ci maraton a 1996. Kenenisa Bekele ya ci zinariya uku, ɗaya a 2004, biyu a 2008. Tirunesh Dibaba ita ma ta ci uku, biyu a 2008, ɗaya a 2012. Dukansu 'yan wannan yanki ne.

ME YA SA SUKA IYA?

Dalili na farko shi ne tudu. Bekoji yana kan tsauni mai tsawon wajen mita 2,800, ya ninka tudun Jos fiye da sau biyu. A irin wannan wuri iskar da ake shaƙa ba ta da yawa kamar ta ƙasa. Saboda haka jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suke ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi. Idan mutumin tudu ya sauko ƙasa yin gasa, sai ya ji numfashi ya yi masa sauƙi.

Na biyu shi ne rayuwar ƙauye. Yaro yakan tashi yana bin dabbobi, yana ɗebo ruwa, yana zuwa makaranta a ƙasa. Haile Gebrselassie, wani gwanin gudu daga Asella a wannan yanki na Arsi, yakan yi gudun kilomita 10 zuwa makaranta, ya kuma dawo da gudu, littattafansa a hannun hagu. Har ya girma hannun nan a lanƙwashe yake riƙe shi idan yana gudu.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne horo a cikin jama'a. Tudu kaɗai ba ya sa mutum ya iya gudu, domin akwai garuruwan tudu da yawa da ba su fitar da gwani ko ɗaya ba. A Bekoji samari da 'yan mata sukan fito tun da sassafe, cikin sanyi, su haɗu a kurmin itatuwan turare. Sai su jera layi, na baya yana bin sawun na gaba, suna kewaya itatuwa, suna hawa tudu suna gangarowa. Ranar da aka yi gudu mai tsanani, washegari sai a yi mai sauƙi don jiki ya huta. Abincinsu na gida ne: waina mai faɗi ta garin tef da miyar wake, da kunun sha'ir. Suna kwanciya da wuri.

BA KOWA KE SAMU BA

Wanda ya ci babbar gasa a ƙasar waje yakan dawo da kuɗin da zai gina gida, ya taimaki dangi. Wasu kuma sukan shiga kulob na soja ko na 'yan sanda ko na banki, a riƙa ba su abinci da ɗan albashi.

Amma masu neman wannan dama sun fi damar yawa nesa ba kusa ba. Da yawa sukan bar gida su tafi birni, su yi shekaru suna horo, sannan ciwon gwiwa ko rashin abinci mai kyau ya tsayar da su. Wanda ya bar makaranta saboda gudu, idan ƙafa ta ƙi, sai ya koma gida ba gudu ba karatu. Shi ya sa ya kamata yaro mai baiwar gudu ya riƙe karatunsa da hannu biyu.

GUDU DON LAFIYA

Ba sai mai neman lambar yabo ne yake gudu ba. Tun 2001 ake yin wani babban gudu na kilomita 10 a Addis Ababa sau ɗaya a shekara, wanda Haile Gebrselassie yana cikin waɗanda suka kafa shi. Dubban mutane suke fitowa, maza da mata, malamai da 'yan kasuwa, yawancinsu don nishaɗi da lafiyar jiki kawai.

Gudu yana ƙarfafa zuciya. Yana taimakawa wajen kare mutum daga hawan jini da ciwon sukari, yana kuma kawo barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Manomi yakan sami haka da damina, amma da rani, ko ga mai zama a shago ko kan babur duk yini, sai an nemi hanya.

Mai son farawa ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Ya fara da tafiya da sauri, sannan ya riƙa haɗawa da sassarfa kaɗan-kaɗan.
2. Ya fita da sanyin safiya ko da yamma, ya guji tsakar rana.
3. Ya yi gudun da zai iya magana da abokinsa ba tare da haki ya hana shi ba.
4. Ya sha ruwa kafin ya fita da bayan ya dawo.
5. Ya bar ranakun hutu a cikin mako.
6. Mai hawan jini, ko mai jin ciwon ƙirji ko jiri, ya fara ganin ma'aikacin asibiti tukuna.

Kuma ya nemi abokin fita, domin wanda ake jira a ƙofar gida ba ya komawa barci. Gwanayen Bekoji ma da sassarfa suka fara, a bayan na gaba da su. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.