Sana'ar Gano Abin da Mutane Ke Tambayar Google

Duk wanda ya taɓa rubuta "yadda ake" a akwatin neman Google ya san abin da ke biyo baya. Kafin ya ƙarasa jimlarsa, sai jerin wasu jimloli ya zubo ƙasa: yadda ake haɗa wannan, yadda ake sallar wancan, yadda ake duba sakamakon jarrabawa. Yawancinmu mukan taɓa ɗaya mu wuce abinmu. Akwai kuwa matasan da wannan jerin shi ne jarinsu, da shi suke ci, da shi suke sayen data.

Sana'ar ba ta da layi a kasuwa, ba ta da sarki, ba a gaje ta a wurin kowa ba. A gari irin Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira a masarautar Katagum, mai yin ta ba ya rataya allo a ƙofar shago. Galibi ɗalibi ne da ya yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ko jami'ar jiha da ke Gadau, ya dawo gida yana jiran takardar ɗaukar aiki, ko kuma yaron shagon kwamfuta ne mai cike wa mutane fom ɗin JAMB. Kayan aikinsa waya ce, littafin rubutu na 'yan makaranta, biro, da batirin ajiye caji saboda halin wuta. A gida ana ganin kamar latse-latse kawai yake yi. Aikin kuwa a taƙaice shi ne: ya gano ainihin kalmomin da mutane ke rubutawa idan suna neman wani abu, sannan ya shirya shafi ko bidiyo ko tallan wani ɗan kasuwa yadda idan an nema, nasa ne zai fito a sama. Kamar ɗan koli ne a ranar kasuwa, wanda kafin ya kwance kayansa sai ya tsaya ya lura da lungun da ƙafa ta fi bi.

A Turai da Amurka masu wannan aiki suna da manyan manhajoji da suke biya duk wata. Biyu sun fi suna, Semrush da Ahrefs. Suna nuna yawan masu neman kalma a wata, da wahalar ƙwace matsayi a kanta, da kalmomin da abokin gasa ke samun mutane da su. Cikakken ƙunshin kowace daga cikinsu ya haura dala 100 a wata. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta wuce naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ashe kuɗin manhaja na wata ɗaya ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci fiye da sau biyu. Ko da kuɗin ma a hannu, a wancan lokacin katin banki na naira ba ya biya a shafukan waje. Don haka wasu kan shiga karo-karo: wani a Legas ya sayi asusu ɗaya, ya raba wa mutane da dama a 'yan dubbai. Kamfanonin ba su yarda da haka ba, kuma ranar da suka rufe asusun babu wanda za ka kai ƙara wurinsa.

Ni dai a ganina mai aiki da Hausa bai yi babbar asara ba da rashin waɗannan manhajoji. An gina su ne a kan harsunan da ke da tarin rubutu da tarin masu talla. Ka sa musu jimlar Hausa da ka tabbata ana nema dare da rana, sau da yawa sai su nuna maka sifili ko su ce ba su da bayani. Wanda ya gaskata wannan sifilin zai bar abinci a ƙasa. Ga mai Hausa, kayan kyauta sun fi na kuɗi faɗin gaskiya, domin daga bakin masu neman suke ɗauko maganarsu kai tsaye.

Na farko shi ne wancan jerin da ke zubowa, wanda Google ta ɗora a babban shafinta tun 2008. Ga yadda gwani ke tatsarsa. Yakan buɗe shafin sirri na burauza, don kada abubuwan da shi kansa ya nema jiya su gurɓata masa sakamako. Sai ya rubuta "maganin", ya ba da tazara, ya sa harafin a, ya kwafe abin da ya fito cikin littafi. Ya goge, ya sa b, ya kwafe. Haka zai bi haruffa har z. Sannan ya canja kai: "amfanin", "farashin", "fassarar mafarkin", "addu'ar", "illar". Kafin cajin wayar ya yi ƙasa, ya cika shafi uku ko huɗu. Daga nan ya koma YouTube ya maimaita, domin abin da ake nema don kallo daban yake da abin da ake nema don karatu: can za ka tarar da Labarina, Izzar So, Daɗin Kowa, wa'azi da girke-girke. Ya leƙa akwatin neman TikTok, inda 'yan mata ke neman salon lalle da ɗinki. A ƙasan kowane shafin sakamako na Google ma akwai wasu tambayoyi masu alaƙa, su ma yakan kwashe.

A nan ne kunnen ɗan gari ke yin aikin da manhaja ba za ta iya ba. Mutane ba sa rubuta Hausar littafi a waya. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ta zuwa, wani ya rubuta "yadda", wani "yanda", wani ya haɗe kalmomi uku wuri ɗaya, wani ya gauraya da Turanci ya nemi "Hausa novel complete". Matar da ciwo ke damunta ba za ta rubuta sunan da likita ya kira shi da shi ba, za ta rubuta "sanyi" ko "basir" ko "shawara". Mai sana'ar sai ya riƙe duka: ya rubuta jikin bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, amma ya tabbatar kanun da sakin layin farko sun ɗauki lafazin da mai neman zai buga da yatsansa. Wanda ya saba zama a majalisa, ya saba jin cinikin mata a gidan biki, ya riga ya yi rabin binciken.

Na biyu shi ne Google Trends, wanda ke nan tun 2006. Ba ya faɗin adadin mutane. Ma'auni yake bayarwa daga 0 zuwa 100, yana nuna lokacin da neman kalma ya yi sama da lokacin da ya kwanta, da jihohin da suka fi nemanta. Idan aka taƙaita shi ga jihar Bauchi kaɗai, kalmomin Hausa da yawa ba sa fitowa saboda ƙarancin bayanai, sai an buɗe shi ga Najeriya gaba ɗaya, an ja shi shekara biyar baya. Amfaninsa shi ne sanin lokaci. Neman girkin buɗe-baki da addu'o'i na tashi ne da ƙaratowar azumi, ɗinki da lalle gab da Sallah, farashin taki da maganin feshi a farkon damina, sakamakon WAEC da NECO bayan an gama jarrabawa. Sabon shafi yakan ɗauki makonni kafin ya samu gindin zama a Google, saboda haka mai hankali tun a Rajab yake rubuta kayan Ramadan. Wanda ya bari sai an ga wata, ya tarar BBC Hausa da Aminiya da Legit Hausa sun cike saman shafin.

Akwai kuma Keyword Planner, na masu ba da talla a Google. Buɗe shi kyauta ne, sai dai tun 2016 wanda ba ya kashe kuɗin talla ba a nuna masa takamaiman adadi, sai a ce masa tsakanin 100 da 1,000, ko tsakanin 1,000 da 10,000. Ya isa a raba babba da ƙarami, bai wuce nan ba. Ubersuggest da AnswerThePublic suna ba da 'yan bincike kaɗan kyauta a rana, sun fi amfani idan da Turanci ake aikin. Bing ma tana da nata na kyauta ga masu shafi.

Wanda ya fi su duka daraja, ga mai shafin da ya ɗan kwana biyu, shi ne Search Console na Google. Shi ba hasashe yake yi ba. Yana jero ainihin jimlolin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana musu, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka taɓa, kuma a matsayi na nawa, na tsawon wata 16 baya. Masu gogewa sukan tace jimlolin da suke matsayi na 11 zuwa 20, wato waɗanda ke bayan goman farko inda ido bai cika kaiwa ba. Waɗannan ƙiris ya rage musu. A gyara kanu, a ƙara amsar da mai tambaya yake so, a cire surutu, sau da yawa sai su hau. A nan kuma ake cin karo da tambayoyin da ba wanda zai yi tunaninsu a zaune. Google da kanta ta ce kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema kowace rana ba a taɓa nemansa ba.

To, ina kuɗin yake? Hanyar da kowa ya fara hange ita ce tallan AdSense, wanda ba ya biya sai kuɗi sun taru dala 100. Amma shekara da shekaru Hausa ba ta cikin jerin harsunan da tsarin ya amince da su a shafukan karatu, kuma wannan ne ya sa za ka ga shafin da masu karatunsa Hausawa ne zalla amma kanunsa da rabin jikinsa Turanci ne. Ga shi kuma tallan da ake nuna wa mai karatu a Najeriya ba ya kawo abin da na Ingila ko Amurka ke kawowa. Shi ya sa masu wayo suka juya ga 'yan kasuwar gida.

Cinikin yakan kasance kamar haka. Hajiya mai haɗa turaren wuta da humra ta ce, "Ɗana, an ce kai ne mai sa kaya a intanet. Ni so nake 'yan Abuja su san da ni." Shi kuma ya ce, "Hajiya, ba hoto kaɗai ba ne. Ki gaya mini, in mata suka kira ki, me suke fara tambaya?" Ta lissafo: na amarya nawa ne, ana aikawa Kano, yana daɗewa a tufafi? Waɗannan tambayoyi uku su ne kalmomin da zai gwada a akwatin nema, su ne kuma za su zama kanun bidiyonta. Mai shagon magani ko mai gyaran waya kuwa, sai ya yi masa rajistar kyauta a Google Business Profile, don shagon ya fito a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa. Wannan ya fi tasiri a Azare, inda baƙi ke zuwa asibitin tarayya da makarantu suna neman masauki da abinci da kantin magani.

Dole a faɗi iyakar abin. Manomin Disina ko na ƙauyukan Shira ba ya tambayar Google farashin riɗi. Yakan kira dillalinsa, ko ya saurari saƙon murya a WhatsApp, kuma babu manhajar binciken kalmomi da ke jin abin da ke cikin saƙon murya. Mai neman riɗi da wake da zoɓo a intanet yana Kano kusa da kasuwar Dawanau, ko Legas, ko ma wajen ƙasar, da Turanci kuma yake nema. Saboda haka mai sana'ar a Yana harshe biyu yake aiki da su: Hausa idan mai karatu yake so, Turanci idan mai sayen buhu ɗari yake nema wa wani Alhaji.

Akwai abin da ke ɓata wa sana'ar suna. Kalmomin da suka fi jan jama'a su ne na ciwo da na sirrin aure, kuma yaron da bai taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba yana iya zama ya rubuta "maganin" kowace cuta, ya haɗa da saiwoyin da ya ji a tasha, saboda ya ga ana nema. Mai karatun da ya jinkirta zuwa asibiti a kan wannan rubutu, alhakinsa na wuyan marubucin. Haka kwashe littattafan marubuta mata daga zaurukan WhatsApp a zuba a shafi ba izini, ana cin kuɗin talla da gumin wata. Google ta tsananta a kan shafukan kwafe-kwafe da na cusa kalmomi barkatai a gyare-gyarenta na 2022 da Maris 2024, shafuka da yawa a duniya suka wayi gari babu masu ziyara. Amma tsoron Google ba shi ya kamata ya hana mutum ba.

Yanzu kuma ƙasa tana motsi a ƙarƙashin sana'ar. Tun 2024 Google ta fara ɗora amsar da na'ura ta haɗa a saman sakamako, mutum ya karanta ya tafi bai taɓa shafin kowa ba. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya taɓa mai rubutun da mai karatun baki ɗaya. Shafin da ke amsa tambayar da kowa ya san amsarta shi ne zai fara jin jiki. Wanda ke kawo abin da sai an taka ƙasa ake samu, kamar farashin buhun gero a kasuwar wannan makon, ko motar da ke tashi daga Azare zuwa Jos da ƙarfe nawa, ko telan da ke karɓar ɗinki saura kwana goma Sallah, har yanzu ana nemansa, kuma 'yan kasuwar da ya sa a ciki da naira suke biyansa, hannu da hannu.