Jiragen Alfarma: Kasuwar da Korona ta Ɗaga

A 2021 kamfanin Bombardier na Kanada ya sayar wa Alstom na Faransa sashensa na ƙera jiragen ƙasa. Kafin nan ya riga ya rabu da jirgin fasinjansa CSeries, wanda Airbus ya karɓa ya raɗa masa suna A220. Ya tattara komai nasa a kan ƙananan jiragen alfarma, waɗanda attajirai da manyan kamfanoni ke hawa.

Lokacin ya zo masa daidai. Da annobar korona ta tsayar da yawancin jiragen fasinja cak a 2020, masu hannu da shuni da ba su taɓa ɗaukar shatar jirgi ba suka gwada, kuma da yawansu ba su koma bin layi a filin jirgi ba. Kamfanin Honeywell, mai fitar da hasashe duk shekara, ya ce a hasashensa na 2024 za a miƙa wa masu saye sabbin jirage kimanin 8,500 cikin shekara goma, na kusan dala biliyan 280. Kaso mafi tsoka na Arewacin Amurka ne.

A ganina, abin lura shi ne yadda ake mallakar jirgin yanzu. Ba dole mutum ya saya shi kaɗai ba. Kamfanoni irin su NetJets, wanda Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya saya a 1998, watanda suke yi da jirgi: ka biya kashi ɗaya cikin 16, ka samu awa 50 a sama duk shekara, albashin matuƙi da gyara kuwa kamfanin ne ke ji da su. Wannan ya buɗe ƙofa ga mai kuɗin da bai kai ya ajiye jirgin alfarma irin Gulfstream yana cin kuɗi a ƙasa ba.

Cikas ɗin ma ba kaɗan ba ne. Matuƙa da makanikai sun yi ƙaranci, kayan gyara na jinkiri. A Turai kuma masu fafutukar kare muhalli sun sa jiragen a gaba. A 2023 sun kutsa wani baje kolin jiragen alfarma a Janeba suka tsayar da harkokin filin jirgin na ɗan lokaci.

A Najeriya matsalar daban ce. A 2024 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu da ke yin haya da su a ɓoye, kwastam kuma ta kira masu jiragen su kawo takardun shigo da su.