Me Ke Sa Makaranta Ta Shiga Kundin Sani?

Duk wanda ya buɗe kundin sani, wato insakulofidiya, zai tarar da dogon bayani a kan Kwalejin Barewa ta Zariya, amma makarantu da yawa na yankinmu na Kiyawa da Dutse ko sunansu ba zai gani ba. Wasu ɗalibanmu sun ɗauka son kai ne. Ba haka ba ne, akwai ma'aunin da ake bi.

Mu ɗauki Wikipedia, wadda aka fara a 2001. Abin da masu tace ta ke tambaya shi ne, shin waɗanda ba su da hannu a makarantar sun yi rubutu mai zurfi a kanta, a littafi ko jarida da za a iya dogara da su? Da can kusan kowace sakandare takan samu shiga muddin an tabbatar tana nan. A 2017 masu tace sashen Turanci suka yanke shawara cewa kasancewar makaranta kaɗai bai isa ba.

Barewa ta cika wannan sharaɗi tun tuni. An kafa ta a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Wani masanin tarihi, James Hubbard, ya rubuta littafi guda sukutum a kan shekarunta na farko, aka buga shi a 2000. Irin wannan shaida ake nema.

To, tsofaffin ɗalibai fa? A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gaskiya ne Barewa ta yaye Abubakar Tafawa Balewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Shehu Shagari, kamar yadda maƙwabciyarmu Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye Aliko Ɗangote. Amma a wurin masu tacewa, sunan ɗalibi ba gado ba ne da makaranta za ta ci. In littafi ya ambaci makarantar a layi ɗaya cikin tarihin wani babban mutum, ambato ne kawai aka yi.

Abin da zai fi ba mu mamaki shi ne, wannan mujalla da ke hannunku ma ba ta shiga lissafi, domin mu muka rubuta ta da kanmu. Za a iya ɗauko ranar kafa makaranta ko sunayen shugabanninta daga ciki, amma ba za ta zama hujjar shahara ba.

A ganinmu ma'aunin yana da nauyi a kan makarantun karkara. Jihar Jigawa sai a 1991 aka ƙirƙiro ta, 'yan jarida kuwa sun fi zama a Kano da Kaduna. Saboda haka muna roƙon iyaye da tsofaffin ɗalibai, duk mai tsohuwar jarida irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian da ta yi magana a kan makarantarmu, ya kawo wa mai kula da laburare a yi kwafinta, a mayar masa da abinsa.