Me Ya Sa Muke Cewa "Borrow Me Your Biro"?

Duk wanda ya yi wata guda a makarantar nan ya taɓa jin wannan jimla, wataƙila ma daga bakinsa ta fito. Malamin Turanci zai gyara, ya ce "lend" ake cewa, gobe kuma wani ya maimaita. Mu 'yan ƙungiyar jarida muka tambayi kanmu: me ya sa kuskure ɗaya yake bin ɗalibi tun daga aji ɗaya har aji shida, kuma ko ka bar Daura ka je Katsina ko Kano sai ka tarar da shi a can?

Wani ɓangare na amsar yana cikin Hausarmu. Muna cewa "ara mini biro", muna kuma cewa "na ari biro". Da mai bayarwa da mai karɓa duk aro suke yi. Turanci kuwa ya raba su: mai bayarwa "lend", mai karɓa "borrow". Haka wanda zai ce "I am coming" alhali ya juya baya yana fita, "ina zuwa" ce ya sa wa rigar Turanci. Wanda ya ce "I hear smell" kuma "na ji wari" yake nufi. Wato kurakuranmu ba kara-zube suke ba, suna da tsari, kuma abin da ke da tsari ana iya ƙirga shi.

Akwai masana harshe da wannan ƙirga ita ce sana'arsu. Suna tara maganganu da rubuce-rubucen mutane na gaske, su zuba a kwamfuta, su duba yadda ake amfani da kowace kalma da kuma waɗanda take tafiya tare da su. Turawa na kiran wannan tari "corpus", mu kuma bari mu ce masa rumbun zantuka. Maimakon masani ya zauna ya yanke hukunci da ka, sai ya buɗe rumbun ya ga abin da mutane suke faɗa.

Ɗaya daga cikin rumbunan farko shi ne na Jami'ar Brown a Amurka, wanda Henry Kučera da Nelson Francis suka haɗa. Sun ɗebo rubutu 500 da aka buga a Amurka a 1961, kowane kimanin kalmomi 2,000, jimla kusan miliyan ɗaya. Da aka ƙirga, kalmar da ta fi kowace yawa ita ce "the": ta fito kusan sau 70,000, wato wajen bakwai cikin kowace kalma ɗari. Ku duba fa, 'yan uwa. Wannan ƙaramar kalma da ɗan uwanta "a" su ne muke yawan mantawa, mu rubuta "He is teacher" ko "I went to market". Dalili shi ne Hausa ba ta da kalma tsayayya da ke wannan aiki. Mu ɗafa harafi muke yi a ƙarshe, mu ce "yaron", "motar". Ɗalibin da bai iya "the" ba, kusan kowane layi na insha'insa akwai ramin da zai faɗa.

Turancin Najeriya ma yana da nasa rumbun. An haɗa shi a Jami'ar Münster da ke Jamus, ƙarƙashin Farfesa Ulrike Gut, a matsayin reshe na wani babban aiki da Sidney Greenbaum ya assasa a Landan domin kwatanta Turancin ƙasashe daban-daban. Yana da kalmomi kusan miliyan ɗaya, na baka da na rubutu, daga bakin 'yan Najeriya masu ilimi, har da Hausawa. Cikin abubuwan da aka gani a ciki akwai yadda muke liƙa "-ing" ga aikatau da Bature ba ya liƙa wa, irin su "Are you understanding me?" ko "I am having two brothers". Bahaushe zai ga inuwar "kana ganewa?" da "ina da" a nan. Sai dai kada mu ɗora wa Hausa duka laifin, domin Yarbawa da Ibo suna faɗar haka, mutanen Indiya ma sun shahara da shi.

To, idan manyan masu ilimi suna faɗa, ya zama daidai ke nan? Wani lokaci yakan zama. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "okada", "next tomorrow" da "Kannywood". Jibi da muke ta shan dariya idan mun fassara ta, ga ta yau a ƙamus.

Amma a nan muke jan kunnen 'yan aji shida. Mai duba takardar WAEC ko NECO ba ya aiki da rumbun zantuka. A insha'i akwai makin da aka ware domin nahawu, rubutun kalmomi da alamomin rubutu, kuma kowane kuskure yana zaftare shi. "Informations", "furnitures" da "discuss about" ko da ka ji su a rediyo, jan biro za su sha. Babu kiredit a Turanci kuwa, ƙofar jami'a ba ta buɗuwa. A ganinmu, yi wa ɗan aji ɗaya dariya don ya ce "borrow me" ba ya gyara komai, sai dai ya sa ya kame bakinsa. Nuna masa inda Hausa da Turanci suka raba hanya shi ne maganin.

Saboda haka mun ajiye akwati a ƙarƙashin wannan allo domin mu haɗa namu ɗan rumbun. Duk jimlar Turanci da ka ji ko ka gani, a aji, a kasuwar Daura, a jikin mota ko allon shago, rubuta ta yadda take, ba gyara, ka faɗi wurin, amma ban da sunan mai maganar. A ƙarshen zango za mu ƙirga tare da malaman Turanci, mu liƙa biyar da suka fi yawa a nan, kowace da gyaranta da kuma Hausar da ke ƙarƙashinta idan akwai.